YADDA KWAMFUTA KE GANE MAI ITA YA TASHI

Duk mai aiki da kwamfuta ya san ta da wani hali guda. Kana cikin rubutu sai baƙo ya yi sallama, ka tashi ku gaisa, ka raka shi, ko da ka komo sai ka iske fuskarta ta yi baƙi ƙirin, fankarta ta yi tsit, kamar an zare ta daga wuta. Ka ɗan taɓa ta sai ta farka, ga aikinka nan inda ka bar shi. Mutane da yawa kan tambaya, shin yaya aka yi ta san an tashi? Wasu har suna zaton ido gare ta.

To, gaskiyar magana ita ce ba ta sani ba. Ƙidaya kawai take yi. Tana lissafin tsawon lokacin da ya wuce tun daga taɓawar ƙarshe da aka yi mata, in ya kai adadin da aka yanka mata sai ta ɗauka babu kowa. Wannan batu ya shafi jama'armu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, domin yanzu kwamfuta ta shiga shagon ɗan canji, ta shiga ofishin masu motocin ɗaukar kaya, da shagon buga takardu, da ɗakin ɗalibi. Abin ya taɓa kuɗin wutar da ake biya, ya kuma taɓa amanar da ke tsakanin mai gida da yaronsa.

ASALIN AL'AMARIN

Tun farko ba don tsimin wuta aka koya wa kwamfuta wannan ƙidaya ba. Fuskokin kwamfuta na da, masu ƙeya irin ta tsohon talabijin, suna da wata illa. In hoto ɗaya ya daɗe a kansu bai motsa ba, sai ya ƙone gilashin daga ciki, inuwarsa ta zauna har abada. Don maganin haka aka ƙirƙiro manhajar kare fuska. Ɗaya daga cikin na farko ita ce wadda wani Ba'amurke, John Socha, ya fitar a 1983, wadda kan duhunta fuskar in an yi minti 3 ba a taɓa komai ba. A 1989 kamfanin Berkeley Systems ya fito da After Dark, wadda daga baya ta yi suna da hoton na'urorin gasa burodi masu fukafukai suna shawagi a fuskar kwamfuta.

Amma fa irin waɗannan hotuna ba su rage cin wuta ko kaɗan. Fuskar tana kunne, cikin kwamfutar yana aiki, mita tana juyawa. Ofisoshi a Amurka da Turai sai su kwana da dubban kwamfutoci a kunne babu kowa a gabansu. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa wani shiri mai suna Energy Star, wanda ya fara da kwamfutoci da fuskokinsu, ana liƙa tambarin tauraro ga na'urar da ta iya rage cin wuta in an bar ta. A wannan shekara kamfanonin Intel da Microsoft suka fitar da tsarin APM. A 1993 ƙungiyar VESA ta masu ƙera fuskoki ta fito da ƙa'idar da kwamfuta za ta bi ta umarci fuska ta kwanta. Sa'an nan a Disamba 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka kawo ACPI, wanda ya miƙa ragamar al'amarin ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, watau irin su Windows da Linux. A ƙa'idojin da Energy Star ya shimfiɗa daga baya, an nemi a sayar da kwamfuta a saite yadda fuskarta za ta mutu cikin minti 15, ita kanta kuma ta yi barci cikin minti 30.

YADDA AKE ƘIDAYAR

Tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta akwai wani agogo a cikinta da ke bugawa. Duk sa'ad da aka danna maɓalli a kibod, ko aka motsa linzami, watau maus, ko aka shafi fuskar in mai jin taɓawa ce, sai babbar manhaja ta rubuta lokacin, ta goge na baya. Lamba ɗaya ce tak take riƙewa. In wata manhaja tana son sanin ko mai kwamfuta yana nan, sai ta nemi wannan lamba, ta ɗebe ta daga lokacin da ake ciki. Abin da ya saura shi ne tsawon shirun.

Ga misali. An danna maɓalli na ƙarshe da ƙarfe 2:00 na rana. Yanzu ƙarfe 2:07. Shirun ya kai minti 7 ke nan. In an yanka minti 10, saura minti 3 fuska ta mutu. Amma ko kyanwa ce ta taka kibod da ƙarfe 2:09, ƙidaya ta rushe, a koma sifili.

Kowane kamfani da ƙofar da ya buɗe don wannan tambaya. A Windows, tun daga Windows 2000, sunan ƙofar GetLastInputInfo, kuma tana ba da amsa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan agogo yana da iyaka. In kwamfuta ta yi kwana 49 da 'yan sa'o'i ba a kashe ta ba, lambar kan cika ta koma sifili, kamar mitar tafiya ta tsohuwar mota, saboda haka tilas mai rubuta manhaja ya yi tanadin wannan rana, in ba haka ba lissafinsa ya rikice. A kwamfutocin Apple ana kiran lambar HIDIdleTime. A Linux, tsohon tsarin X11 yakan ba kowace manhaja amsa in ta tambaya. Sabon tsarin Wayland kuwa ya fi kulle baki. Bisa ƙa'idar da aka amince da ita a 2022, manhaja takan ce ne kawai a sanar da ita in shiru ya kai minti kaza, sai ta zauna jira.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya mai kwantar da hankali. Wannan ƙofa ba ta faɗin wane maɓalli aka danna, balle abin da aka rubuta. Lokaci kaɗai take bayarwa.

MATAKAN BARCI

Mai tsire ya fi kowa fahimtar abin da ke biyo baya. In ciniki ya lafa, ba ya barin wuta tana ci banza, ba ya kuma kwara mata ruwa nan take, domin mai saye na iya ɓullowa. Yakan daina fifita, sa'an nan ya rufe garwashi da toka, sai in dare ya yi nisa ya kashe gaba ɗaya. Haka kwamfuta ke yi.

Mataki na farko, ta rage hasken fuska, kana ta kashe ta. A laftof fuska tana cikin abubuwan da suka fi shan batir, saboda haka wannan kaɗai ba ƙaramin tsimi ba ne. Mataki na biyu shi ne barci. A nan kusan komai ya tsaya, sai ƙwaƙwalwar aiki da ake ɗiga wa 'yar wuta kaɗan don kada ta manta abin da ke buɗe. Garwashi ne a ƙarƙashin toka, da an hura ya kama. Mataki na uku shi ne dogon barci, wanda a Windows aka rubuta Hibernate. A nan kwamfuta kan kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwar aiki ta zuba a rumbun ajiya, sa'an nan ta mutu sarai. Tashinta yakan ɗan ɗauki lokaci, amma ko batir ya ƙare ƙarƙaf aikin yana nan.

A nan akwai gargaɗi ga masu babbar kwamfutar tebur wadda ba ta da batir. In tana barcin mataki na biyu aka ɗauke wuta, ƙwaƙwalwar aiki ta shafe, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Tun daga Windows Vista an ƙaro wani tsari da ya haɗa biyun, mai suna Hybrid sleep, watau ta kwafe aikin a rumbu tukuna kafin ta kwanta. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, lalle ne mai kwamfutar tebur ya duba ko wannan tsari yana kunne. Duk da haka, adana aiki kafin a tashi shi ne rigakafin da ya fi magani.

INDA ƘIDAYAR KE KUSKURE

Tun da kwamfuta ba ta ga mutum ba, motsin hannunsa kawai ta ji, tana yin kuskure ta fuska biyu.

Na farko, ta ɗauka ba kowa alhali ana nan. Akawu ya zuba ido yana bin jerin lambobi, ɗalibi yana karanta dogon shafi, iyali sun taru suna kallon fim, ana taro da 'yan uwa na gida ta bidiyo, duk babu mai taɓa linzami. Haka nan kwamfutar na iya kasancewa tana nata aikin, kamar sauko da babban fayil daga intanet ko aika takardu ɗari ga firinta. Don haka aka ba manhajoji izinin ɗaga hannu. Manhajar kallon fim takan shaida wa Windows cewa kada a kashe fuska. Mai sauko da kaya takan ce a kashe fuska in ana so, amma kada a yi barci. In ta gama sai ta sauke hannu. A kwamfutocin Apple har akwai wani umarni mai suna caffeinate, watau a shayar da ita gahawa don kada ta yi gyangyaɗi.

Na biyu, ta ƙi barci alhali ba kowa. Wata manhajar takan ɗaga hannu ta manta ba ta sauke ba. Shafin intanet da aka bari a buɗe yana nuna bidiyon talla ya isa ya hana ta runtsawa har asuba. Wani lokaci kuma linzamin ne. In yana kan gilashi ko tebur mai sheƙi, ko teburin yana rawa saboda janareta ko babbar fanka, yakan aika da ɗan motsi wanda ido ba ya gani, kuma kowane motsi yana mayar da ƙidaya sifili. Wannan na cikin dalilan da kan sa a wayi gari batirin laftof ya ƙare ba wanda ya yi aiki da ita.

Akwai hanyar kama mai laifi. A Windows, mai gyara zai buɗe wurin rubuta umarni da izinin mai kula da kwamfuta, ya rubuta powercfg /requests, sai ta lissafo masa duk manhajar da ta hana barci. In kuwa tashi take yi da kanta cikin dare, powercfg /lastwake zai nuna abin da ya tashe ta. A Apple, umarnin shi ne pmset -g assertions. Duk yaron da ya iya gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja ko a Sabo zai iya yin wannan cikin minti biyu.

Wasu sababbin laftof sun fara zuwa da na'urar jin kusantar mutum, wadda Windows 11 ke amfani da ita ta kulle fuska in an tashi, ta farka in an dawo. Waɗannan kam sun ɗan sami ido. Amma yawancin na hannu da ake saye a kasuwanninmu ba su da ita, ƙidayar nan dai ita ce dogaronsu.

LISSAFIN KUƊI

Wani zai ce nawa ne wutar kwamfuta ɗaya? Bari mu buga lissafi. A watan Afrilu 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa naira 225, ya ninka na da fiye da sau uku. An ɗan taɓa farashin bayan nan, amma mu riƙe wannan lamba don misali.

A ɗauka kwamfutar tebur da fuskarta suna cin wat 60 in suna kunne ba a aiki da su. A ɗauka kuma ana barin su haka sa'a 10 kullum, in an haɗa lokacin cin abinci da na jiran mai saye da na dare. Wat 60 sau sa'a 10 sau kwana 30 ya ba da yunit 18 a wata, watau naira 4,050. Shagon buga takardu mai kwamfuta 5 ya zubar da naira 20,250 ke nan kowane wata, ba tare da an buga ko shafi ɗaya da ita ba. In da barci suke yi, a ce kowace tana cin wat 2, kuɗin kowace ba zai wuce naira 135 ba. Mai karatu ya sa nasa lambobi, ya duba farashin da ke kan takardar mitarsa, ya ga abin da zai fito.

Ga mai janareta, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai inbata da batir kuwa, kowane wat da kwamfuta ta sha a banza da rana, fanka da ƙwan fitila ne za su rasa shi da dare. Ban da haka, kwamfutar da ba ta hutawa tana ƙara zafin ɗaki, fankarta tana ta zuƙar ƙura.

Ba a rasa waɗanda suka mai da wannan shiru abin amfani ba. Daga 1999 zuwa 2020 jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta gudanar da shirin SETI@home, inda miliyoyin mutane suka ba da aron kwamfutocinsu, in sun tashi sai ta shiga tace saƙonnin da aka kamo daga sararin samaniya. Amma su da yardarsu suka yi. Akwai ɓarayi da ke cusa manhaja a ɓoye, tana jira mai kwamfuta ya tashi ta fara haƙar kuɗin intanet da wutarsa, da ya taɓa linzami ta laɓe. In ka lura fankar kwamfutarka tana kuka sa'ad da ba kowa, tana yin shiru da zarar ka zauna, ruwa ba ya tsami banza, a kai ta a duba.

MAI GIDA DA YARONSA

Ƙidayar da aka ƙago don kare fuska, daga baya kuma don tsimin wuta, yanzu an mai da ita ma'aunin ma'aikaci. Manhajojin hira na ofis, irin su Microsoft Teams, kan sauya alamar mutum su nuna ba ya nan in ya yi 'yan mintoci bai taɓa komai ba. Tun daga 2020, da annobar korona ta sa mutane aiki daga gida, kamfanoni da yawa suka sayi manhajar da ke lissafa mintocin shirun kowane ma'aikaci. Su kuma ma'aikata suka nemo tasu dabarar, wata 'yar na'ura da ke girgiza linzami ita kaɗai. A watan Mayu 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da 12 bisa zargin ƙirƙirar motsin kibod na ƙarya don a ɗauka suna aiki.

Su kansu manyan kamfanonin ba su yi baki ɗaya ba a kan wannan. A watan Satumba 2021 Google ya sa wa manhajarsa ta Chrome wata ƙofa da ke ba shafin intanet damar sanin ko mai kwamfuta yana nan ko ya tashi, in ya ba da izini, kuma shirun da za a auna ba zai gaza daƙiƙa 60 ba. Mozilla masu Firefox da Apple masu Safari suka ƙi karɓa, suka ce hanya ce ta leƙen asirin jama'a, domin wanda ya san lokacin zamanka da na tashinka kullum ya san abu mai yawa game da kai. Saboda haka in wani shafi ya nemi izinin sanin lokacin da kake amfani da na'urarka, kuma ba ka ga dalili ba, ka hana shi.

Ga Alhajin da ya ɗauki yaro aikin lissafi, shawara ita ce kada ya yanke hukunci da wannan lamba. Yaron da ke waya da direba a kan hanya, ko yake ƙirga kuɗi, ko yake bin rasit da biro, kwamfuta za ta rubuta shi cikin marasa aiki. Wanda ke wasan kati a kanta tun safe kuwa za ta shaide shi da ƙwazo. Littafin ciniki da abin da ya shiga asusu su ne shaidun da suka fi ta gaskiya. Shi kuma yaro ya sani, na'urar girgiza linzami in ta tonu, ba aikin kaɗai take ci ba, har da sunan da zai nemi wani aikin da shi.

ABIN YI

A Windows a shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan Power. Nan za a ga wurin yanka lokacin kashe fuska da na barci, ɗaya na kan batir, ɗaya na kan wuta. Ga mai shago, minti 5 na fuska da minti 15 na barci ba laifi. Mai yawan karatu ya ƙara kaɗan don kada ta riƙa mutuwa a gabansa. Abin gudu shi ne zaɓen Never, wanda masu gyara da yawa kan sa don kada a dame su da tambaya. A cire hotunan kare fuska masu shawagi, domin fuskokin zamani ba su bukatar su, kashe fuska ya fi.

A kuma sa ta riƙa neman kalmar sirri duk lokacin da ta farka. Amma mai harkar kuɗi kada ya jira ƙidaya ta cika, domin minti 5 ya ishi mugu ya kwashi abin da yake so. Kafin ka ɗaga daga kujera, danna maɓallin Windows tare da harafin L, nan take ta kulle. In an tashi kasuwa kuwa, a adana aiki, a kashe ta, a kashe soket.